Ƙidayar Ambato da Haƙƙin Mai Aiki a Ilmin Koyar da Mutum-mutumi

Kowace maƙala ta ilmin kimiyya da ake bugawa a wannan zamani tana ɗauke da jerin sunaye guda biyu, ɗaya a goshinta, ɗaya a ƙarshenta. Na goshi su ne mawallafa, watau waɗanda suka tsaya gaban jama'ar masana suka ce su suka yi aikin, in an same shi da kyau a yaba musu, in kuwa an same shi da aibi su za a tuhuma. Na ƙarshe kuma su ne magabatan da aka jingina da ayyukansu, aka ambace su domin mai karatu ya san inda aka ɗebo magana, ya koma ya bincika da kansa in ya ga dama. A kan waɗannan jeri biyu, waɗanda galibin masu karatu ke tsallakewa, aka gina fanni guda sukutum na ƙidaya da lissafi, har ta kai ga a yau da shi ake ɗaukar malami aiki a jami'o'i masu yawa, da shi ake ƙara masa girma, da shi kuma ake raba kuɗin bincike. Saboda haka ya wajaba a tambaya ko abin da fannin nan ke aunawa shi ne abin da ake zaton yana aunawa, kuma ban ga fagen da amsar ta fi fitowa sarari ba kamar fagen koyar da mutum-mutumi sarrafa gaɓoɓinsa.

Mafarin al'amarin daga wani Ba'amurke ne, Eugene Garfield, wanda a shekarar 1955 ya kawo shawara a mujallar Science cewa a tsara wa masana wani fihirisi wanda, maimakon ya gaya maka waɗanda maƙala ta ambata, zai gaya maka waɗanda suka ambace ta daga baya. A wurin lauyoyi ya aro dabarar, domin tun 1873 lauyoyin Amurka suna aiki da abin da Frank Shepard ya ƙago, inda mutum zai duba wani hukunci da kotu ta yanke, ya ga shari'o'in da suka kafa hujja da shi bayan haka, ya kuma ga ko ƙarfafa shi suka yi, ko togaciya suka yi masa, ko kuwa an soke shi ɗungum. Nufin Garfield na farko nufi ne na tahaƙiƙi, yana so ya hana mutane ci gaba da dogaro da binciken da aka riga aka gano kuskurensa ko ha'incinsa. Amma da fihirisin ya soma fitowa a 1964 daga cibiyarsa ta Filadelfiya, sai ya fito babu waccan alama ta lauyoyi, ambato kawai yake jerawa, na yabo da na raddi duk ɗaya. Sa'an nan kuma ƙarƙashin sunan mawallafi na farko kaɗai yake sa aikin da aka ambata, ko da mutum biyar ne suka yi shi.

Abin da aka yi don nuna hanya bai daɗe ba ya koma mizani. Derek de Solla Price ya nuna a 1965 cewa ambato taruwa yake yi kan maƙaloli ƙalilan, sauran kuwa ba su samun sai ɗan abin da ba a rasa ba; daga 1975 aka shiga fitar da ma'aunin darajar mujallu kowace shekara; a 2005 kuma wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo lambar da ta dunƙule rayuwar malami cikin adadi guda, ta yadda mai lamba 20 shi ne wanda ke da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

Mu da muka gaji karatun hadisi ba baƙi ba ne ga al'adar jingina magana ga mai ita, hasali ma malamanmu na ƙasar Hausa sun riƙe ta da ƙarfi, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa shaihunan da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu. Sai dai malaman hadisi, ko da yake su ma sun kula da yawan hanyoyin da ruwaya ta zo ta cikinsu, ba su taɓa yarda yawa ya tsaya shi kaɗai ba. Sun auna adalcin kowane mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa, sun binciki ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, kuma sun sa tadlisi, watau mutum ya nuna kamar ya ji daga wanda bai ji ba, cikin aibobin da ke raunana isnadi. To, wannan aibi shi ne ruwan dare a maƙalolin kimiyya. Wajen 2002 masana biyu na Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjelis, Simkin da Roychowdhury, sun bi sawun kurakuran ɗab'i da ake yi wajen ambaton wata shahararriyar maƙala ta fiziya, suka tarar kuskure guda na lambar shafi yana maimaituwa daga marubuci zuwa marubuci, abin da ba zai faru ba in da kowa ya buɗe asalin. Daga nan suka ƙiyasta cewa kamar mutum ɗaya ne cikin biyar ke karanta abin da ya ambata. Ana iya jayayya kan adadin, amma ba na zaton akwai mai aikin bincike da zai musanta illar.

Ilmin koyar da mutum-mutumi yana da nasa isnadi mai tsawo. A 1968 Donald Michie da Roger Chambers suka bayyana yadda kwamfuta za ta koyi tsayar da sanda a kan ɗan keke mai kai da kawowa, kamar yadda yaro ke tsayar da kara a tafin hannunsa, ba tare da an ba ta ƙa'idar lissafin motsi ba, sai dai ta gwada, sandar ta faɗi, ta ɗauki darasi daga faɗuwar. A 1983 Barto da Sutton da Anderson suka sake ɗaukar wannan mas'ala suka inganta hanyar koyo ta lada da rashinta. A ƙarshen shekarun 1980 kuma Dean Pomerleau na Jami'ar Carnegie Mellon ya koyar da mota bin titi ta hanyar nuna wa kwamfuta hotunan hanya tare da juyin sitiyarin da ya dace da kowanne. Waɗannan hanyoyi biyu, koyo ta gwaji da koyo ta kwaikwayon ɗan Adam, su ne har yanzu ginshiƙan fannin. Amma dabarar lissafin da ake gyara kuskuren na'ura da ita a mafi yawan ayyukan yau, wadda kusan kowa ke jingina ta ga maƙalar Rumelhart da Hinton da Williams ta 1986, wani ɗalibi a Helsinki mai suna Seppo Linnainmaa ya rubuta tushenta a kundin digirinsa tun 1970, Paul Werbos kuma ya zo da irinta a Harvard a 1974. Ba zargin mutanen 1986 nake yi ba, domin su suka nuna wa duniya amfaninta. Abin da nake cewa shi ne ƙidaya ba ta san wanda ya riga ba, wanda aka fi ji kawai ta sani. Robert Merton ya bayyana wannan ɗabi'a a 1968, cewa mai suna ake ƙara wa suna, kuma abin lura shi ne shi kansa ya amsa daga baya cewa ya kamata sunan Harriet Zuckerman, wadda ya gina maƙalar kan hirarrakin da ta yi da masu lambar Nobel, ya fito tare da nasa a goshinta.

Inda mas'alar ta fi tsanani kuwa shi ne jerin sunayen goshi. Price ya yi hasashe a 1963 cewa in aka ci gaba a yadda ake tafiya, maƙala mai mawallafi ɗaya za ta ɓace kafin 1980. Ba ta ɓace ba, amma a fannin koyar da mutum-mutumi ta kusa. Dalili kuwa a fili yake: mutum-mutumi ba ya koyo daga tunani, sai daga maimaici mai yawan gaske, maimaici kuma yana cin ƙarfe da lokaci da hannuwan mutane. A 2016 Sergey Levine da abokan aikinsa a Google suka jera hannuwan ƙarfe da yawansu ya kai 14, suka bar su wata biyu suna ƙoƙarin ɗaukar tarkacen kaya, har gwajin ya haura 800,000, kafin na'urar ta iya damƙa da kyau. A 2022 kamfanin ya fito da tsarin da ya kira RT-1, wanda aka koyar da shi da misalai kimanin 130,000 da mutane suka tara cikin wata 17, suna sarrafa mutum-mutumi 13 da hannunsu, suna buɗe aljihun tebur, suna ɗauko gwangwani, suna ajiyewa, suna sakewa. To wane ne malamin wannan na'ura, wanda ya zana tsarin lissafin, ko wanda ya wuni yana nuna mata yadda ake ɗaukar gwangwani? Mawallafan, waɗanda suka kai kimanin hamsin, sun yi insafi gwargwado, domin sun jera sunayensu bisa haruffa don kada a ce wani ya fi wani, suka kuma rataya bayani a ƙarshe na abin da kowa ya yi. Amma injin ƙidaya ba ya karanta ratayen. Marubuta suna ambaton aikin da sunan wanda harafinsa ya zo farko su ce da sauransu, lambar Hirsch kuwa tana ba kowane ɗaya daga cikin hamsin ɗin ambato cikakke, kamar shi kaɗai ya yi aikin. Ta haka zalunci biyu suka haɗu a wuri guda, an fifita wanda bai nemi fifiko ba, an kuma daidaita waɗanda gudummawarsu ba ɗaya ba ce. Da aka zo 2023, cibiyoyi 21 suka haɗa bayanan mutum-mutumi iri 22, misalai sama da miliyan ɗaya, sai mawallafa suka haura ɗari, aka sa sunan gamayyar a gaba.

Sa sunan ƙungiya a gurbin mutum yana da nasa haɗari, domin wallafa amana ce kafin ta zama daraja. Da mujallar Nature ta yanke a farkon 2023 cewa ba za a lissafa ChatGPT cikin mawallafa ba, hujjarta ita ce mawallafi shi ne mai ɗaukar alhaki, na'ura kuwa ba a tuhumarta. Hujjar daidai ce, amma tana da ƙarfi a kan jerin mutum ɗari kamar yadda take da shi a kan na'ura, gama alhakin da aka raba wa ɗari da wuya a sami wanda zai tsaya ya amsa shi.

Sai kuma batun ko yawan ambato shaida ne na inganci. A 2019 kamfanin OpenAI, wanda sunansa ne a farkon jerin mawallafa, ya nuna hannun ƙarfe mai yatsu biyar yana warware akwatin wasan nan na Rubik, abin ya yi suna ƙwarai, kuma lalle aiki ne mai ban mamaki, domin a duniyar kwaikwayo cikin kwamfuta aka koyar da hannun, sa'an nan aka ɗora abin da ya koya a kan ƙarfe na zahiri. Su da kansu sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa jerin juyin da za a yi wani tsohon tsarin lissafi na Herbert Kociemba ne ke bayarwa, abin da hannun ya koya shi ne juyawa da riƙewa, kuma a hargitsi mafi wuya kashi 20 cikin ɗari kawai yake cin nasara. Irin wannan togaciya ita ce takan zube a hanya sa'ad da ake ambaton aiki cikin rabin jimla, a sa shi tsakanin ayyuka bakwai a baka guda. Haka nan Peter Henderson da abokansa suka nuna a 2018 cewa in ka gudanar da tsarin koyo guda sau goma, ba ka sauya komai ba sai lambar ƙuri'ar da ake farawa da ita, ka raba sakamakon gida biyu, za ka iya samun bambancin da zai sa a zaci tsari biyu ne dabam, ɗaya ya fi ɗaya. Maƙaloli nawa ne suka yi da'awar fifiko da gwaji uku ko biyar, aka kuma ambace su sau ɗaruruwa? Kuma tun da ba kowane ɗakin bincike ke da irin hannun ƙarfen da aka yi gwajin da shi ba, mafi yawan masu ambato ba su da ikon maimaitawa ko da sun so, sai dai su karɓa bisa kyautata zato.

Ba na cikin masu cewa a watsar da fannin ƙidayar nan, domin wajen gano yadda ilmi ya yi rassa, da inda wata dabara ta ƙetara daga wannan fage zuwa wancan, da aikin da aka manta shekaru sa'an nan aka farka a kansa, ƙidayar ambato ba ta da na biyu, kuma daga gare ta Larry Page da Sergey Brin suka ɗauki tunanin jera shafukan intanet a 1998. Ɓarnar tana faruwa ne sa'ad da aka ɗauki abin da ya dace da auna fanni aka auna mutum guda da shi, musamman mutumin da ke aiki da hannun ƙarfe ɗaya tak a jami'ar da ba ta da kuɗi, wanda zai shekara kan gwajin da kamfani zai gama cikin mako, sa'an nan kwamitin ƙarin girma ya ajiye lambarsa kusa da ta wanda sunansa ya shiga jerin mutum hamsin. Masana sun farga: an yi Sanarwar San Faransisko a 2012 da ke hana auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, an yi ta Leiden a 2015 mai cewa adadi ya zama mataimakin hukuncin masana, kada ya maye gurbinsa, an kuma tsara rabe-raben gudummawa guda 14 da ake kira CRediT, waɗanda suka ware mai tara bayanai da mai rubuta manhaja da mai gudanar da gwaji daga mai rubuta maƙala. Mujallu da yawa sun karɓi wannan tsari, sai dai galibin ayyukan koyar da mutum-mutumi a tarukan shekara-shekara da rumbun arXiv suke fara fitowa, inda ba a wajabta shi ba, kuma lambar Hirsch da Google Scholar ke nunawa a gefen shafin kowane malami ba ta sa ko ɗaya daga cikin rabe-raben 14 a lissafinta.