Laifin Burutus, Wanda Ya Shiga Makirci Ba Da Son Ransa Ba

Ya ku 'yan makaranta, cikin littattafan Turanci akwai wasan nan na Shakespeare mai suna Yuliyas Kaisar, wanda ya tsara wajen shekarar 1599. Tushen labarin ba ƙage ba ne. Ran 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗansu manyan birnin Rum suka tasam ma shugabansu Kaisar a majalisa, suka sassoke shi har ya mutu. Mutum guda daga cikinsu za mu duba, watau Burutus, gama masu karatu da yawa sukan rufe littafin suna cewa ba shi da laifi.

Ga dalilinsu. Ba Burutus ya ƙulla abin ba, Kashiyas ne ya yi ta zuga shi, har ya sa aka jefa masa takardun ƙarya ta taga, kamar daga jama'ar gari suka fito. Mun gan shi da dare ya kasa barci, zuciyarsa ta rabu biyu. Da aka ce a gama da Antoni, aminin Kaisar, a kashe, sai ya hana. A ƙarshen wasan kuma Antonin nan ya tsaya kan gawarsa, ya shaida shi kaɗai ne bai yi don hassada ba.

To, amma a lura da hujjar da Burutus ya ba kansa a daren nan. Bai ce Kaisar ya yi zalunci ba, cewa ya yi watakila ya yi in an naɗa shi sarki. Ashe ya yanke wa mutum hukuncin kisa bisa laifin da bai riga ya aikata ba. Wane alƙali zai karɓi wannan? Har wa yau, 'yan makircin ba wuƙarsa suke bukata ba, sunansa suke so, don jama'a su ga mutumin kirki a ciki su ce abin daidai ne. Saboda haka kayan da ke wuyansa bai kasa na Kaska, wanda ya fara suka, nauyi ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, in jama'a suka haɗa baki suka kashe mutum ɗaya, dukansu kisa ya hau su, kamar yadda Sayyidina Umar ya hukunta wa waɗansu mutanen San'a ta ƙasar Yaman. Ko wanda aka tilasta ma ba ya kuɓuta, gama ransa bai fi na wancan tsada ba. Balle Burutus, wanda lallashinsa kurum aka yi. Yaron da ya tashi a Yauri ko Ngaski ya sani, in 'yan fashi suka haye tafkin Kainji suka yi ɓarna, wanda ya yarda ya tuƙa musu jirgi ba zai tsira don ya ce yana tuƙi yana hawaye ba.

Gwanintar Shakespeare ita ce ya sa muka ƙaunaci mutumin, sa'an nan ya nuna mana abin da aikinsa ya haifa. Gari ya rikice, aka kashe wani mawaƙi, Sinna, don sunansa ya zo ɗaya da na wani ɗan makirci. Foshiya matar Burutus ta hallaka kanta, shi kuma ya faɗa kan takobinsa a Filibi bayan an ci shi da yaƙi. Inda muke ganin mawallafin ya gaza shi ne, bai tsaya kan wani abin da tarihi ya tabbatar ba. Shekara huɗu kafin kisan, Burutus ya bi Fomfe suka yaƙi Kaisar, Kaisar ya ci su, ya yafe masa, daga baya har ya ba shi mulkin lardi. Da an fito da wannan fili, da butulcin ya bayyana sarai, yabon Antoni bai ruɗi kowa ba.

To, ku ji tausayin Burutus, amma kada ku wanke shi. Nauyin zuciya ba ya rage laifi sai in ya hana hannu. Wanda aka kira shawarar mugunta, hanyar tsirarsa ɗaya ce, ya ƙi tun da wuri, ya kuwa faɗakar da wanda ake nufi da sharrin. Allah ya kiyashe mu da mugun aboki mai daɗin baki, amin.