Ba Duk Coci Ne Ɗaya Ba: Gyara Kan Yadda Ake Siffanta Wuraren Ibadar Metodis

Ɗaliban ilimin kwatanta addinai kan faɗa cikin ɗayan kurakurai biyu idan suna magana a kan majami'un Kirista. Wasu kan yi musu kuɗin goro, su ce kowane coci cike yake da gumaka da hotuna. Wasu kuma da sun ga cocin da ba shi da ado sai su ce ai wannan da masallaci ɗan juma ne da ɗan jummai. Ɗarikar Metodis ta isa hujja a kan ɓangarorin biyu.

John Wesley, wanda ya assasa ɗarikar a Ingila, malamin cocin Angilika ne. A 1739 ya fara wa'azi a fili a Biristol, a shekarar ce kuma ya gina ɗakin taronsa na farko a garin. Wannan ɗaki, da wanda ya buɗe a Landan a 1778, an tsara su ne domin jama'a su ji mai wa'azi: mumbari a gaba, kujeru suna fuskantarsa, babu gunkin da ake durƙusa wa. Ya umarci maza da mata su zauna daban, yana kuma wa'azi da ƙarfe 5 na asuba. Ɗan'uwansa Charles ya rubuta waƙoƙin ibada fiye da 6,000. Wannan tsari ne Thomas Birch Freeman ya iso da shi Badagiri a 1842.

Sai dai rashin ado ba shi ne tauhidi ba. Ginshiƙin masallaci alƙibla ce da sahu da sujada, shi ya sa ake barin tsakiyarsa fili. A majami'ar Yahudawa, ma'ajiyar Attaura ake fuskanta. Ibadar Metodis kuwa wa'azi ce da waƙa da Jibin Ubangiji, kuma waƙoƙin suna ɗauke da aƙidar Triniti da allantakar Annabi Isa (AS), wadda Alƙur'ani ya kore. Saɓanin yana cikin abin da ake furtawa, ba a jikin bango ba.

Aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibada huɗu, kowanne da sunansa. Shahrastani ma a Al-Milal wan-Nihal ya rarrabe ƙungiyoyin Nasara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya jingina wa mutane abin da ba sa yi ya zalunce su, ya kuma raunana hujjarsa a gaban duk wanda ya taɓa leƙa cocinsu. Allah ne mafi sani.