Kariyar Topeak Explorer: Sarauniyar Masu Zuwa Aiki da Keke a Washinton

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a Washinton cikin Yuli ko Agusta ya san yadda iskar garin ke yin nauyi, ta manne wa mutum a jiki. Goya jakar kwamfuta daga Bethesda, ka gangaro ta hanyar Capital Crescent zuwa Georgetown, kafin ka kai ofis bayan rigarka ya jiƙe sharkaf. Maganin wannan kariya ce, kuma a cikin kariyoyi, ni dai Topeak Explorer na ɗaura wa rawani. Kai, wannan aba ta yi!

Da alminiyom aka ƙera ta, ba ta kai kilo ɗaya ba, amma tana ɗaukar kusan kilo 25. Kwamfuta, takalmin ofis, kular abinci, makullin keke mai shegen nauyi, har da ɗan buhun shinkafa daga shagunan 'yan Afirka na Hyattsville, duk ta ɗauke ba ta ce uffan ba. Gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara kuma ba ya sa mata jan tsatsa irin na ƙarfe.

Amma inda ta gama sace mini zuciya shi ne layin da ke samanta, wanda kamfanin ya kira MTX. A gida mun saba da kariyar Raleigh da Phoenix, a yanko tsohuwar robar taya a yi ta nannaɗe kaya, a ja, a ƙulle, a yi addu'a. Nan kuwa tura jakar Topeak kawai za ka yi daga baya, ta zame a kan layin, ka ji ƙas, shi ke nan ta kama. In za ka sauka, ka danna maɓalli ka zare ta da hannu ɗaya. Wanda ya zauna ya yi wannan tunani, Allah ya saka masa! Tun Janairun 2019 aka yarda a shiga jirgin Metro da keke har a lokacin cunkoso, kuma a nan ne za ka san daɗin jakar da ke fita cikin ƙiftawar ido, ana turereniya a bakin lif.

Je ka gwada kariyar a hanyar Mount Vernon mai kusan kilomita 29 a gefen kogin Potomac, inda saiwoyin bishiyoyi suka tayar da kwalta, ga gadojin katako. Keke na tsalle, kaya na nan daram. Jiragen sama na wucewa ta kanka a Gravelly Point, kai kuwa hankalinka kwance, ba ka waiwayen komai.

Kafin ka saya, duba kekenka. Sai da ramukan noti kusa da gindin tayar baya da kuma ƙasan sirdi. In birkinka mai faifai ne, akwai samfurin da aka buɗa wa ƙafafu don shi, kada ka ɗauko na gama-gari ka zo kana kokawa da sufana. Masu maƙalewa a sandar sirdi kaɗai kuwa, a bar su inda suke: kayansu kaɗan ne, ga karkacewa a kwana.

Layin MTX ɗin nan jakunkunan Topeak kawai yake karɓa, gaskiya ne, sai dai jakar gefe irin ta Ortlieb na rataya a jikinta lafiya lau, ka dai ja ta baya kada dunduniyarka ta riƙa bugunta. Mai son haɗa jakar sama da ta gefe ya nemi yayarta, Super Tourist DX, mai ƙarin sanda a ƙasa. Masu yabon Tubus ta Jamus ma suna da hujja, in tafiyar kwanaki za a yi ta bakin magudanar C&O har Cumberland. Amma daga Silver Spring zuwa Union Station safe da yamma? Explorer, malam, ba tantama. Ka dai sake ɗaure notinan bayan makon farko, don girgizar hanya na sassauta su.