Ku daina auna gwani da kuɗin manhaja

Akwai tambayar da ta ishe ni a tsakaninmu masu gyaran hoto. Yaro zai saki aiki mai kyau, launi ya zauna, haske ya daidaita, kowa na sa albarka. Can sai wani babba ya ce, "Da me ka yi?" Da zarar ya ce GIMP ko Photopea, shi ke nan, an taɓe baki. Wai wannan ba kayan aikin ƙwararru ba ne, ƙwararre Photoshop yake riƙewa. Jama'a, hoton da kuka gama yabo yanzun nan shi ne dai hoton. Me ya ragu a jikinsa?

Abin da ya fi ƙona mini rai, da yawa daga masu ɗaga hancin nan ba su taɓa biyan Adobe ko sisi ba. Mu faɗa wa juna gaskiya. Tun 2013 duk wani sabon Photoshop haya ne, kuɗin wata-wata a ƙarƙashin Creative Cloud. CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da mutum zai saya ya mallaka. Kuma kowa ya ga inda dala ta kai tun da aka saki naira a 2023. To me ke cikin kwamfutocin situdiyoyinmu? Kirak ne, wanda aka kwafo a filashi. Mutum na aiki da kayan sata, yana kashe intanet don kada manhajar ta kulle, yana fama da bairos, sannan ya raina wanda ya ɗauki halal ɗinsa kyauta. Wannan ba adalci ba ne.

Su kuma na kyautar ba jiya aka haife su ba. Ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara GIMP a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, shekara biyar kacal bayan fitowar Photoshop na farko. GIMP 3.0 da ya fito a Maris ɗin 2025 yana bari ka ɗora gyara a kan leya, ka dawo daga baya ka canza shi ba tare da ka taɓa asalin hoton ba, wanda rashinsa shi ne gorin da aka daɗe ana yi masa. Mai ɗauka da RAW yana da Darktable da RawTherapee. Photopea a burauza yake aiki, kuma yana buɗe fayil ɗin PSD da leyoyinsa. Ga kuma Affinity, wanda da kuɗi ake saye: Canva ta sayi kamfaninsa a 2024, a ƙarshen 2025 ta sake shi kyauta. Ina son masu taɓe baki su gaya mini, ranar da aka cire masa farashi ya tashi daga kayan ƙwararru ke nan?

Na yarda, akwai inda Photoshop ya yi zarra. Wajen yanke gashi daga bango ko goge mutum daga cikin taro yana da sauri, kuma GIMP har yanzu bai gama iya aikin CMYK na maɗaba'a ba. Wanda aikinsa ke kawo kuɗin haya, ya biya, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai mai bugawa a Kano ko Kaduna galibi fayil ɗin CorelDRAW ko PDF zai tambaye ka, ba ruwansa da inda ka gyara fuska.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Uwar amarya ba ta taɓa tambayar sunan manhaja ba. Ita dai ta ga 'yarta ta fito ita ce, lallen ya fito, zanen leshin bai dushe ba. Kuma a nan ne muke faɗuwa. Ku duba hotunan bikin da ake saki kullum: amarya baƙa kyakkyawa an mai da ita fara sol, fata ta koma roba, karan hanci ya ɓace, wuya da fuska kowa da launinsa. Masu yin wannan ɓarnar da yawansu Photoshop ne a gabansu, kuma su ne kan gaba wajen tambayar yara da me suka yi aiki.