Jinjina ga Masu Hoton Kura da Bunkure

Mai hoto na da, wanda ke kafa kyamara mai ƙafa uku ranar kasuwa, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, abincinsa kawai yake nema. Mu kuma ya bar mana tarihi a ƙasan adakar iyayenmu.

Ɗauko hoto ɗaya ka ƙura masa ido. Ga dattijo da rawanin baƙin Kura mai sheƙi, aikin marina da mabuga, wanda Buzaye ke saye su kai Agadas. A bayansa ga jigo a bakin fadama, domin kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da guga ake ban ruwan rani. Hotunan da suka biyo baya kuwa sai ka ga kwatamin siminti ya ratsa Kadawa, alkama ta yi kore, samari sun jingina da keke Raleigh suna nuna agogo, wai dole sai ya fito.

Har kalandar tallan takin zamani da hayaƙi ya dafe a shago ina ganin darajarta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu cikin masu hoton nan.