Iyakar Ƙarfin Damtse a Wasan The Color Purple

A ganina, Sofiya ce ma'aunin gaskiyar wasan kwaikwayon waƙe-waƙe na The Color Purple, wanda aka fara nunawa a dandalin Burodwe na birnin Niyok a 2005, bisa littafin Alice Walker na 1982. Labari ne na mata baƙar fata a karkarar jihar Jojiya ta Amurka.

Sofiya ta ƙi zama jakar mijinta Harpo. Da ya ɗaga mata hannu, ta rama. Sai dai ƙarfin da ya tsare ta a ɗaki bai tsare ta gaban hukuma ba. Da ta ƙi yi wa matar magajin gari aikatau, duka da kurkuku suka biyo baya.

Ƙorafina a nan yake. Wasan ya ba turjiyarta waƙa mai tayar da tsimi, amma faɗuwarta ta wuce da sauri, har mai kallo ya fita yana rera jarumta, ya manta da farashinta. 'Yancin da ya ɗore kuwa na Seli ne, wadda ta tsaya da ƙafarta da ɗinkin wanduna. Damtse yakan tare mari ɗaya, amma sai da sana'a da shari'a mai adalci mace ke kwana lafiya.