Hubbaren Muhammadu Bello a Wurno: Da Wane Ma'auni Za a Auna Shi?

Masu rubutu a kan ginin Hausa sun fi mai da hankali ga fada da masallacin Juma'a. In ana zancen gwaninta, sai su kawo Masallacin Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, su yi ta bayanin bakan gizo da ɗaurin guga. Ba su yi laifi ba, amma mudun da aka auna masallacin birni da shi ba ya auna hubbare. Wanda ya tafi Wurno neman tsawon soro ko zanen bango, lalle zai komo yana cewa bai ga kome ba.

Wurno tana kimanin mil 20 arewa maso gabas da Sakkwato, kusa da Gulbin Rima. Muhammadu Bello, wanda ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu a 1817, shi ya kafa ta wajen 1830 don ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, saboda harin Gobirawa. Can ya tare, can ya rasu a 1837, can aka binne shi. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama, har Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya sauka garin a 1853.

To, abin lura na farko shi ne wurin. Malaman jihadi sun ɗauki zaman ribaɗi ibada ce, kuma sun san falalar wanda ajali ya same shi yana tsaron iyaka. Saboda haka kwanciyar Sarkin Musulmi a bakin dāga, nesa da kabarin mahaifinsa, ita ce babbar maganar da wannan gini ke faɗa. Duk sharhin da ya raba hubbaren da ganuwar garin da fadamar da ke ciyad da shi, ya zubad da rabin ma'anarsa.

Na biyu shi ne tsari. Kalmar hubbare daga Larabci take, watau ƙubba, ta biyo ta bakin Fulani. Amma a ƙasar Sakkwato asalinsa gida ne. An binne Shehu cikin gidansa, aka yi wa Bello haka, bisa koyi da yadda aka binne Manzon Allah (SAW) a ɗakin Nana A'isha. Don haka mai ziyara baƙo ne, da sallama yake shiga, ya tuɓe takalmi, ya sassauta murya. Rashin adon da wani zai kira kasawar magina, shi ya dace da mutanen da suka yi wa'azi a kan sarakuna masu alfahari da ƙawa.

Na uku shi ne gyara. Ginin tubali da azara ba ya rayuwa sai da yaɓe a kai a kai, gama kowace damina tana cin rabonta. Tambayar ko wannan bango ne Bello ya gani ba ta da amfani ƙwarai. Abin tambaya shi ne ko an kiyaye ƙofa inda take, da girman ɗaki, da hanyar shiga. Siminti da kwano suna tsare ruwa, amma in an faɗaɗa ba da awo ba, shaidar tarihi ta tafi ke nan. Sakaci kuwa ya fi muni: a 2023 wani sashe na Masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka.

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan ladubban ziyarar kaburbura, musamman tun kafuwar Izala a 1978. Wannan muhawara tasu ce. Abin da ya rataya a wuyan malaman kwalejojin horo, daga Gusau har Sakkwato, shi ne su sa ɗalibansu auna irin waɗannan wurare da zana taswirarsu, su kuma rubuta abin da masu tsaronsu suka gāda, tun dattawan suna da rai.